Tulun Goggo da Allurar Ankara

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. Wannan ta tare ni a bakin famfo, waccan ta biyo ni har ɗakin awo, kowace da tambayarta: yaya Ankara, da gaske teku ba ta da tsallake, da gaske na hana wani malami ruwan sha a cikin jirgi har ya kusa yi mini baki? To, na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran. Maganar malami gaskiya ce. Sai dai Goggo Mairo da ke yawo da ita gida gida ba ta faɗa muku rabin da ya shafe ta.

Ga yadda aka fara. Aka ce ana neman ungozoma ɗaya daga asibitinmu ta je Ankara, babban birnin ƙasar Gwalkwas, ta ga sabbin abubuwan da likitoci suka gano game da haihuwa. Sista, Baturiyar da ke shugabantar ɗakin haihuwa, ta zaɓe ni. Ba don ƙauna ba. Ni kaɗai ke jin Turancinta ba sai ta yi ihu ba, kuma ina jin ta so ta huta da bakina. Ni kuwa da nawa dalilin. Kun san Yaya Ladi, yayata da ke aure a Bosso. A haihuwarta ta bara waccan jini ya ɓalle mata har leɓenta suka yi fari, surukarta ta fara karanta mata kalmar shahada. Allah ya yi da sauran kwana. Yanzu ga wani cikin ya tsufa, ni kuma na ji ƙishin-ƙishin wai akwai allurar da ke tsai da irin wannan jinin. Don ita na tafi, ba don kallon teku ba.

Baba ya ce budurwa ba ta tsallake kogin Kwara ita kaɗai, ko da Gwamna ne ya aike ta. Sai ya haɗa ni da yayarsa, Goggo Mairo, wadda marigayi mijinta fataken goro ne, ta taɓa bin sa wannan hanya tun ban zo duniya ba. Ranar tashi na same ta a tasha da tabarma, buta, ƙullin daddawa, ƙullin kuka, da wani tulu na Gwari mai faɗin baki da ta saya a kasuwar Paiko.

Na ce, "Goggo, ƙaura za mu yi?"

Ta ce, "Ke 'yar boko, ruwan kowace ƙasa sai ya kwana a tulun gida kafin ya zama ruwa. Ɗauki."

Na ɗauka, ina ƙunƙuni. Ku riƙe wannan tulun a ranku.

Jirgin Ikko kun san shi, ba sai na ɓata takarda ba. Taragonmu kamar kasuwar Minna ce aka sa wa ƙafa: Nufawa da tabarmi, Yarabawa da kwandunan kaji, wani soja mai barci da baki buɗe. Kafin mu kai Zungeru Goggo ta san sunan kowa da cutar da ke damun uwarsa, kowa kuma ya sha daga tulunta. Da muka hau gadar Jabba ta rufe ido tana salati, ta kuma damƙe cinyata har sai da ta bar shaida. A Badun wata mai sayar da abinci ta miƙo mini miya ja wur ta taga. Na ci loma guda na yi ta hawaye har gari na gaba. Mutanen nan ba miya suke sa wa barkono ba, barkono suke ɗan sa wa miya.

A Ikko aka ce jirgin ruwa zan shiga. Goggo ta je bakin teku, ta dube ta sama da ƙasa kamar tana taya akuya, ta ce, "Abin da babu ƙasa a ƙarƙashinsa ba na hawa." Na yi magiya, na yi fushi, na tuna mata gwamnati ce ta tsara. Ta ce gwamnati ta hau. Haka muka koma tashar mota muka shiga wata akwala mai bencin katako, aka ratsa da mu ƙasashen Faransai biyu, Dahomi da Togo. Abin da na tsinta a can kaɗan ne. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kusan taurinsu ɗaya. Kuma da an tsallake iyaka direba yakan koma ɗaya hannun na titi, don Faransai ba su yarda su bi gefen da Ingilishi ke bi ba ko a kan kwalta. Duk motar da ta tunkaro mu Goggo sai ta yafe wa kowa.

A Ankara muka sauka a zango, gidan wata dattijuwa da ake ce wa Maman Zango. Hausarsu irin ta kasuwarmu ce, mace da namiji duk "shi" ne. Ta dubi Goggo ta ce, "Tsohuwa ya gaji, a ba shi ruwa." Goggo ta ji daɗin ruwan, ba ta ji daɗin sauran ba. Abincinsu dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, a ci da soyayyen kifi. Goggo ta shinshina ta ce a gidanmu in tuwo ya kai wannan hali kaji ake ba. Kafin mu taso ita ke cin biyu.

Asibitin kuwa babba ne, bene a kan bene. Mu ɗalibai daga ƙasashe daban daban aka tara mu a wani ɗaki, wani dogon likita mai jan wuya ya riƙa yi mana bayani. Darasin farko, wai bayan dogon bincike an gano cewa bai kamata mai jego ta yi ta kwanciya a gado kwana da kwanaki ba, gara ta tashi ta ɗan taka. Ya faɗi wannan a hankali, yana dubanmu, kamar mai ba da labarin ganin wata. Na tuna matan Gwari da nake gani suna dawowa daga gona da itace a kafaɗa da jaririn da bai yi suna ba a baya. Dariya ta kuɓuce mini. Ya tambayi abin da ya faru, na ce tari ne.

Amma kada ku yi saurin taya ni dariyar. Mu da muka iya tashi, me muka iya in jini ya ɓalle? Mu ɗora wa mace ruwan zafi, mu ba ta jiƙo, mu tara tsofaffi su zauna suna cewa ƙazanta ce ke fita, har ta fita da ran. Wannan ne darasi na biyu, kuma a nan na daina tari. Allurar da na ji labari gaskiya ce, agometirin suke ce mata. Abin da suka gano sabo shi ne kada a jira sai jini ya zama kogi. Da jariri ya fito, aka tabbatar babu na biyu a ciki, sai a soka ta a cinya, mahaifa ta dunƙule ta matse jijiyoyin da ke zuba.

Wadda ta koya mana da hannu wata babbar ungozoma ce 'yar ƙasar, Madam muke ce mata, mace mai ƙiba da murya kamar ta sajan. Ta kama hannuna ta ɗora a marar wata da ta haihu yanzu yanzu. Da farko laushi kamar ƙullu. Aka yi allurar. Ina tsaye abin ya taru a ƙarƙashin tafina ya yi tauri kamar ƙwallon giginya, jinin ya ja baya. Yaya Ladi kawai nake gani.

Ranar sallama aka ba kowace ɗaliba kwali guda, 'yan kwalabe goma sha biyu a ciki, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, ruwan ciki fari tas. Madam ta ce, "Zafi na kashe ta, haske na kashe ta. In kin ga ruwan ya sauya launi, zubar. Kuna da firiji a garinku?"

Na ce, "Akwai ɗaya a gidan Di'o, Baturen mulki. Giyarsa ke ciki."

Ta ce, "To sai ki yi dabara."

Dabarar tana zaune a kusurwar ɗakin Maman Zango, tana gumi. Tulun da na yi wa gori tun daga Minna. Na samo gwangwanin sigari, na naɗe kwalabe goma a auduga na jera a ciki, na ɗaura masa zare. Biyun da suka rage ba su shiga ba, sai na sa su a wata 'yar battar taba, na toshe bakinta da kakin kyandir, na jefa can ƙasan tulun. Na cika shi da ruwa, na rufe da tsumma. Sannan na kafa doka.

"Goggo, daga yau ba mai shan ruwan nan. Ko ke."

Ta ajiye dokunun da ke hannunta. "Tuluna?"

"Tulunki. In ruwa ya yi ƙasa, sanyi ya tafi, maganin Ladi ya mutu. A hanya kuma ba ko'ina ake samun na ƙari ba."

"In baƙo ya roƙa fa?"

"A ce babu."

"Ga tulu yana gani, a ce babu? Asabe, a gidan ubanki aka koya miki wannan ko a makarantar?"

Na ce a Ankara.

A iyakar Dahomi, wajen dawowa, wani ɗan kwastan mai gajeren wando da hula kamar tukunya ya ga yadda na rungume tulu, ya ce a sauke. Tafintansa wani tsohon soja ne Bahaushe. Ya ce, "Yana zargin barasa kuka ɓoye. 'Yar'uwa, ki ba shi ɗan abin goro ku wuce." Na ce ba ni da goro, amma ina da bayani. Na jawo gwangwanin da zarensa, na buɗe a inuwa, na fara. Na yi masa bayanin mabiyiya, yadda take ɓanɓarewa daga mahaifa, inda jinin ke bi, da yawan tsumman da ake jiƙawa. Tafinta ya juya jimla biyu ya tsaya, ya ce shi yana da alwala. Na ce ya ci gaba, ai uwa ce ta haife shi. Ɗan kwastan ya ja da baya yana kaɗa hannu, ya buga hatimi a fasfo ɗinmu har sau biyu. Maza ke nan. Bindiga ba ta ba su tsoro, amma a ambaci abin da suka fito ta ciki sai su nemi hanya.

Wannan nasara ce ta sa na saki jiki, a Ikko kuwa na biya. Mun sauka gidan wani mai masauki a unguwar Hausawa. Da hantsi na tafi ofishin jirgi a sa hannu a takardar tafiyata. Akawun ya aika ni wurin wani akawun, shi kuma ya tafi cin abinci. Ban dawo ba sai bayan la'asar. Ina shiga tsakar gida na ga Goggo zaune tana tsince shinkafa, fuskarta fes, irin ta wadda ta yi aikin lada.

Ta ce, "Ke da kike cewa kin yi boko, ashe ruwa ya shiga gwangwanin naki. Audugar ta jiƙe sharkaf, da na bari da duk sun yi funfuna. Na shanya miki."

Na ce, "Kin me?"

Ta nuna sama da haɓa. A kan kwanon ɗakin girki, a tsakiyar ranar Ikko, ga kwalabena goma a jere kamar kuɓewa, kowace ta ba 'yar'uwarta wuri don rana ta same ta da kyau. Tun hantsi. Na taka turmi na kwaso su, suna ƙona hannu. Na ɗaga ɗaya. Ruwan ya koma launin shayin da ba madara.

Ba zan rubuta abin da na faɗa ba, don Baba na iya sa a karanta masa. Goggo dai ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa jin abin da rana ke ɓatawa ba sai man shanu, kuma duk maganin da ke tsoron rana ba na Allah ba ne. Na zura hannu cikin tulun har kafaɗa. Battar na nan a ƙasa, kakinta bai motsa ba. Ba ta da zare, shi ya sa Goggo ba ta san da ita ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na duba: biyu, farare tas.

To, yanzu ku zo ga malaminku. Mun wuce Jabba, rana ta take, taragon ya zama tanda. Butar Goggo ta ƙare tun Ilori, don rabo ta yi ta yi da ita. Tulun kuma ya yi ta gumi har ruwan ya sauka, da kyar ya rufe battar. Sai wani tsoho mai farin gemu, da buzu a kafaɗa, ya matso ya ce, "'Yata, a taimaka da na sha."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba na sha ba ne."

Ya dubi tulun, ya dube ni. "Ruwa ne a ciki?"

"Ruwa ne."

"To."

Bai ƙara ba, ya koma ya zauna. Da ma zagina ya yi. Sauran taragon ne suka yi masa aikin. Wata Banufiya ta ce, "Wannan yarinya ba shi da tsoron Allah." Wani ya ce haka 'yan asibiti suke, sun sha ruwan Nasara sun manta na Musulmi. Wani daga baya ya ce a tambaye ni ko da tulun za a binne ni. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, tana faɗa wa na kusa da ita cewa ni 'yar ƙaninta ce, ba ita ta haife ni ba. Na yi bayani sau ɗaya, babu mai saurare. Kuma na san in na ba shi moɗa guda, akwai yara a taragon, akwai mai goyo, da wane baki zan hana su? Na zauna na sa tulun tsakanin ƙafafuna, na ɗora hannu a kan murfin. Ni ma ƙishin nake ji, in kuna son sani.

Da jirgi ya tsaya a Mokwa na ce wa Goggo in ta taɓa tulun nan sai dai ta nemi wata 'yar ƙanin. Na ruga da buta na ɗebo ruwa, na kai wa malamin da hannu biyu. Ya ce ya gode, wani ya riga ya ba shi. Bai dube ni ba. Wannan ma Goggo ba ta faɗa muku.

Na iso Minna na kai wa Sista kwalinta da kwalabe goma. Na gaya mata a fili cewa sun lalace, zubarwa za a yi. Ta ɗaga ɗaya a taga, ta ce ita ba ta ga wani abu ba, kuma ko ma mene ne ungozoma irina ba ta da izinin yin wannan allura sai likita ya ce. Na ce likita yana rangadi. Ta ce sai a jira shi. Na ce jini ba ya jira. Ta ce Ankara ta ƙara mini rashin kunya. Ta jera su a kabad mai gilashi, wanda rana ke duka kowace safiya, ta kulle. Suna nan har yau, in manyan baƙi sun zo akan nuna musu, a ce ga sabon maganin da ya zo daga Gwalkwas. Na dai manna wa kwalin takarda da jan alƙalami cewa kada a yi wa kowa. Ta tambayi sauran biyun, na ce suna Bosso cikin tulu, kuma can za su zauna. Ta rubuta sunana a wani wuri. Ta daɗe tana rubuta shi.

Naƙudar Yaya Ladi ta zo ranar wata kasuwa, da rana tsaka. Na san ba asibiti za a kawo ta ba, surukarta ta rantse a ɗakin da aka haifi mijin za a haifi ɗan. Kafin na isa a kan keken maƙwabci an cika ɗakin da tsofaffi, Goggo a gaba. Na kori rabinsu, na tafasa sirinji a tukunyar koko. Yaro ya faɗo da kukansa, aka fara guɗa. Ni ban ko dube shi ba. Na shafa cikin, babu na biyu. Sai ga jini ya fara, irin na wancan karon, ja, da gudu, yana bin tabarma. Surukar ta ce a bari, ƙazanta ce. Na ce ta matsa ko na matsar da ita. Na zura hannu a tulu, na fasa kakin, na karya wuyan kwalba, na soka a cinya. Na ɗora tafina a mararta ina murzawa.

Laushi. Laushi dai. Yaya Ladi ta ce, "Asabe, ina ganin duhu." Na ce ta yi mini shiru, ban je Ankara na ci dokunu don ta ga duhu ba. Can sai na ji abin ya taru, ya dunƙule, ya yi tauri a hannuna. Mabiyiya ta fito, jinin ya koma ɗigo. Na daɗe ban ɗauke hannun ba.

Da ta dawo hayyacinta ta ce ƙishi take ji. Goggo ta miƙe za ta nufi randa. Na ce ta tsaya. Na ɗauki moɗa na ɗebo daga tulun na ba ta, ta shanye. Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe ana sha."

Ranar suna na ji ta tana gaya wa mata cewa ita ta ɗauko maganin tun daga Gwalkwas a tulunta, ta kuma kula da shi a hanya, ni aikina hana bayin Allah ruwa. Tulun dai ba ta sake ganinsa ba, yana ɗakina a bayan ƙofa, ina ƙara masa ruwa safe da yamma. Saura kwalba ɗaya a ciki, kuma Talatu matar mai gyaran keke, wadda ita ma ta sha da kyar a haihuwar fari, ta shiga watanta. Saboda haka duk wadda ta zo jin sauran labarin Ankara, bismilla, ga tabarma. In ƙishi ya kama ta, randa na tsakar gida.